Ina cika shafuka a aji, amma in na koma gida ba na gane abin da na rubuta

Ɗalibar Jinya:

Assalamu alaikum. Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya. Malamin da ke koya mana yadda zuciya ke aiki yana da saurin magana, ni kuma ina bin bakinsa da biro don kada komai ya wuce ni. Jiya shafi bakwai na cika. Da daddare na buɗe littafin, sai ga wani layi: "idan jini ya koma ta... sai bawul ɗin... shi ya sa". Na yi ta kallonsa, na rasa me ya kamata ya shiga gurbin. Abin da ya fi damuna, ƙawata da ko shafi biyu ba ta cika ba ita ta warware mini darasin. Don Allah ina kuskurena yake? Ko in riƙa ɗaukar muryarsa a waya?

Tsohon Sakatare:

Wa alaikumus salam, 'yata. Shekara 26 na yi ina rubuta bayanan taro, kuma da farko ni ma haka na yi ta fama. Mai magana yakan furta kalma wajen 150 a minti ɗaya, hannu kuwa da ƙyar yake kaiwa 30. Kin ga tseren da ba za ki ci ba ke nan. Saboda wannan giɓin ne Isaac Pitman ya fito da rubutun alamomi na sauri, wanda ake ce wa shorthand, a Ingila a 1837, amma wannan na mai neman kowace kalma ne. Ke fahimta kike nema.

Ki bar malam ya kai ƙarshen maganarsa tukuna, sannan ki rubuta ta a layi ɗaya da kalmominki. In kin kasa taƙaita ta, to ba ki gane ba, gara ki san haka tun kina aji. Ki kasa kunne ga irin su "dalili kuwa", "amma fa", "abu na biyu", da duk abin da ya maimaita ko ya rage sauri a kansa. Lamba da suna da adadin magani kam, waɗannan a take ake rubuta su, domin kai ba ya riƙe su. In abu ya kuɓuce miki, bar fili, sa alamar tambaya a gefe, ki ci gaba da sauraro.

Malamar Sakandare:

Baba ya gama magana. Abin da zan ƙara shi ne tsarin shafi. Akwai wanda Walter Pauk ya tsara a Jami'ar Cornell ta Amurka a shekarun 1950, shi nake koya wa ɗalibaina. Ki ja layi daga sama zuwa ƙasa, ɓangaren hagu ya zama siriri, na dama mai faɗi, ki bar ɗan fili a ƙasa. A dama kike rubutu lokacin darasi. Bayan an tashi sai ki sa tambayoyi a hagu, misali "me ke hana jini komawa baya?", a ƙasa kuma taƙaitawa layi biyu ko uku. Sai ki rufe dama da tafin hannu ki amsa da ka.

Ƙanwata, kada ki bari ya kwana. Tun 1885 masanin nan na Jamus Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan an koyi abu. Minti goma a ranar yana ceto abin da mako guda zai shafe.

Ɗalibin Lauya:

'Yar'uwa, kan batun waya: ki nemi izinin malam kafin ki ɗauka. Ni na taɓa tara darussa fiye da 40 a waya, ban saurari ko biyar ba, don darasin awa ɗaya awa ɗaya yake ci. Kuma da na san waya na ɗauka, sai hankalina ya tafi wani wuri. Yanzu in na ɗauka, lokaci kawai nake rubutawa a gefen inda na ɓata, kamar minti 23 da daƙiƙa 10, in koma wurin kaɗai. Kwamfuta ma ba ta raba ni da matsalar ba. A binciken da masana biyu, Mueller da Oppenheimer, suka yi a 2014, masu buga kwamfuta sun fi masu rubutu da hannu kwafe maganar malami kalma da kalma.

Ɗalibar Jinya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau na gwada. Minti biyar na farko hannuna sai ƙaiƙayi yake, ina ganin kamar ana barina a baya, amma na daure. Shafi biyu da rabi na yi, da alamar tambaya uku. Biyu na tambayi malam kafin ya fita. Layin nan da ya gagare ni ma na cike shi: bawul ɗin mitral ne, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya, wanda ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa a hagun zuciya. Ta ukun tana nan a gefen shafi, gobe da safe zan kai masa.