Me ya rushe kubbar babban cocin Noto alhali ƙasa ba ta girgiza ba?

ƊalibinZane: Assalamu alaikum. Garuruwa takwas na Val di Noto, a kudu maso gabashin tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, an sake gina su ne da salon barok, wato salon ginin Turai mai yawan ado, bayan girgizar ƙasar 1693, kuma UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. To me ya sa kubbar babban cocin Noto, ɗaya daga cikin garuruwan, ta rufta a Maris ɗin 1996? Laifin dutsen ne ko na magina?

InjiniyaGwale: Wa alaikumus salam. Ciwon yana cikin ginshiƙai ne, ƙanena. Daga waje dutse ne sassaƙaƙƙe, amma cikinsu an ɗura duwatsun rafi masu sulɓi da kwaɓin farar ƙasa mara ƙarfi. Dutse mulmulalle ba ya kama ɗan'uwansa, nauyi sai ya koma kan siririyar fatar waje, ta dinga tsagewa daga sama zuwa ƙasa. A shekarun 1950 aka cire rufin katako aka ɗora na kankare mai nauyi, girgizar Disamban 1990 kuma ta buɗe tsagogin. Ginshiƙi ɗaya na hannun dama ya fara karyewa, ya ja 'yan'uwansa da rufin da kubbar. Da aka zo gyara har ginshiƙan hagu aka sake ginawa, don cutar ɗaya ce. Sai 2007 aka buɗe cocin.

MalamaHadiza: Haka ne, Injiniya, amma dutsen ma yana da nasa. Mai laushi ne, launin zuma, shi ya sa aka iya sassaƙa zakuna da dawakai ƙarƙashin barandojin fadar Nicolaci da ke Noto. Sai dai yana shan ruwa. Danshi ya hau daga tushe ɗauke da gishiri, gishirin ya bushe cikin ramukan dutsen, fuskarsa ta koma gari. Ƙarafan da aka ɗaure duwatsu da su in sun yi tsatsa sai su kumbura su fasa dutsen. Mafi muni shi ne faci da siminti: ya fi dutsen tauri, kuma yana kulle danshi ciki. Daidai da yaɓen siminti a kan katangar tubali a nan gida. Farar ƙasa ake sawa maimakon siminti.

InjiniyaGwale: In za ka kwatanta, duba Kataniya, wani birni cikin garuruwan takwas ɗin, a gindin tsaunin Etna mai aman wuta. Can suna haɗa baƙin dutsen aman wutar Etna da farin dutse, kuma baƙin ya fi jure danshi nesa ba kusa ba.