Muƙamuƙin ƴar ƙanena ya ƙage bayan ciwon noma, daga ina za mu fara?

Gwaggo, Garin Malam:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ƙanena ya kawo mini ƴarsa daga wani ƙauye a ƙasar Miriya, shekararta 7. Tana da shekara 4 ta yi ƙyanda, tana tashi kuma sai bakinta ya kama wari, kuncinta na hagu ya kumbura, ya yi baƙi, naman ya zube. A ƙauye aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da rubutu. Allah ya raya ta, amma rami ya rage a kuncin, bakin kuma ya ƙage, ko ɗan yatsana ba ya shiga tsakanin haƙoranta. Kunu da fura kawai take sha, ta gefe. Ba ta fita wasa sai da mayafi. Wani wanzami ya ce zai ɓamɓare bakin da itace. Zuciyata ba ta kwanta ba. Ana gyara wannan? Ina zan kai ta a nan Damagaram?

Tsohon majo, Birni:
Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah kada a bar kowa ya taɓa bakin nan da ƙarfi. Abin da ya riƙe shi tabo ne da ya warke ya taurare a cikin kunci, wani lokaci ma ƙashi ne ya tsiro ya haɗe muƙamuƙin ƙasa da ƙashin kunci. Itace ba ya raba ƙashi, sai dai ya karya mata haƙora.

Wannan cuta ce da ake kira noma, mai cin naman baki da kunci, ba iska ba, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Ƙwayoyin cuta ne na cikin baki ke samun galaba a kan yaro mai tamowa, yawanci ɗan shekara 2 zuwa 6, musamman bayan ƙyanda ko masassarar cizon sauro. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Idan ba a yi magani ba, kusan 9 cikin yara 10 ba sa tashi, don haka ƴarku tana cikin ƙalilan.

Ki fara da cibiyar Sentinelles da ke nan garin. Ƙungiya ce ta ƙasar Suwizalan, aikinta a nan shi ne kula da yara masu ciwon noma. Za su auna nauyinta da yadda bakin ke buɗewa, a ɗauki hoton ƙashin a ga ko tabo ne kaɗai ko ƙashi ya haɗe, don aikin ba ɗaya ba ne. Ba a yi wa yaro mai rama irin wannan aiki, sai an fara gina jikinsa. Sa barcin ma sai gwani: tunda baki ba ya buɗewa, ta hanci ake zura bututun numfashi. Daga nan a yanke tabon, ko a cire ƙashin da ya haɗe, a ɗebo fata mai jini daga ƙirji ko wuya a toshe ramin. Sau da yawa ba a gamawa a zama ɗaya.

Maman ƴan biyu, Sabon Gari:
Yaya, ki saurari Baba majo. Ɗana an yi masa, yanzu yana cin tuwo da hannunsa. Amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne wahalar bayan aiki. Tabo yana son komawa yadda yake. Za a ba ku ƴan faffaɗan itatuwan nan na duba harshe, a riƙa jera su tsakanin haƙora safe da yamma, ana ƙara ɗaya a hankali, wata da watanni. Ɗana yakan yi kuka, ni ma in yi, amma ban taɓa ɗaga masa ƙafa ba. Na ga wadda aka mayar ƙauye da wuri, damina ta zo kowa ya tafi gona, bakin ya sake rufewa. Idan da hali ki riƙe ta a wurinki har a sallame ta gaba ɗaya.

Direban Kano:
Hajiya, akwai asibitin ciwon noma na yara a Sakkwato tun 1999, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF na taimaka musu. Me zai hana ku wuce can kai tsaye?

Tsohon majo, Birni:
Asibitin na nan kuma suna aiki, Malam. Amma bibiyar da Maman ƴan biyu ta faɗa ita ta sa na fi son a buɗe mata takarda a gida, inda za a riƙa ganinta. In aikin ya fi ƙarfin nan, su za su tura ta.

Hajiya, tana da ƙanne a ƙauye? Ki sa uwarsu ta riƙa ɗaga leɓensu tana duba dasashi. Jini, wari, yawan dalala ko kumburin kunci, a kai likita a ranar. A wannan mataki amoksisilin da metronidazol, da wanke baki da ruwan gishiri, da abinci mai kyau suna tsayar da ita. A kuma yi musu rigakafin ƙyanda.

Gwaggo, Garin Malam:
Allah ya saka da alheri Baba. Ƙanne biyu gare ta, ƙaramin an yaye shi bana, kuma ramamme ne. Na kira ubansu, na ce ya zo da shi ranar Litinin mu kai su tare. Wanzamin kuma na aika an ba shi haƙuri.