Kayan adon kakata: a narkar ko a ajiye?

Jikar Hajiya, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka san harkar gwal da azurfa ku taimaka min. Kakarmu ta rasu bayan Babbar Sallah, Allah Ya jiƙanta. Da aka raba gado, wani ɗan kumbonta ya faɗo a rabon mahaifiyata, ita kuma ta ce in bincika mata darajar abin da ke ciki. Akwai siririyar sarƙa da aka buga 875 a maɗaurinta, 'yan kunne masu lamba 750, zobe mai GP a ciki, mundaye biyu masu nauyi da suka yi baƙi ƙirin, abin wuya irin na Buzaye, sai wani babban sulalla mai hoton mace da shekarar 1780, an yi masa kunne don ratayawa.

Na kai wani shago, mutumin ya zube su kan sikeli, ya ce mundayen da sulallan narkarwa za a yi, ya yanka min farashin giram. Raina bai kwanta ba. Mundayen nan a hannun Hajiya na buɗe ido na gan su. In tana tuƙa tuwo, duk ɗaga muciya sai sun haɗu sun yi ƙara. Me lambobin nan suke nufi? Kuma da gaske tsohon kaya ba shi da wata daraja sai ta nauyinsa?

Mai sayar da gwal, Kasuwar Barci

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya gafarta wa Hajiya. Lambobin suna faɗin yawan zinariyar da ke cikin kashi dubu ne. Zalla ita ce karat 24, amma ta yi taushi da yawa, shi ya sa ake gauraya ta da jan ƙarfe ko azurfa. 916 karat 22 ke nan, 875 karat 21, wanda alhazai suka fi shigo da shi daga Saudiyya, 750 kuma karat 18. Zoben nan mai GP ruwan gwal kawai aka yi masa, ki daina lissafi da shi.

Amma kada ki tsaya ga lamba, don ana buga ta ƙarya. A goga a dutsen gwaji a ɗiga ruwan asid a gabanki. Maganaɗisu ba ya jan gwal, sai dai tagulla ma ba ya janta, saboda haka wannan gwajin shi kaɗai bai isa ba. Kuma in za ki sayar, ba wanda zai biya ki kuɗin aiki, giram kawai ake saye. Ki zaga shago uku kafin ki saki.

Ɗan maƙera, Kawo

Mai sayar da gwal ta gama magana kan gwal. Ni a kan mundayen zan roƙe ki, ƙanwata: don girman Allah kada ki bari su shiga wuta.

Mahaifina maƙerin fari ne, wato masu aikin azurfa da tagulla, ba maƙeran baƙi masu fartanya da gatari ba. Ni na sha jan zugazugi tun ina ɗan shekara 8. Baƙin da kika gani alama ce mai kyau, haka azurfa take yi in ta daɗe tana shan iska. Tagulla da jan ƙarfe kore suke yi, har su bar wa mutum shaida a fata. Ki sa ƙyalle mai laushi ki goge saman kawai. Kada ki dirje da toka ko soson ƙarfe, domin baƙin da ya kwanta cikin ramukan zane shi ke fito da adon, kuma masu tara kayan tarihi shi suke fara dubawa.

Abin wuyan Buzaye kuwa, in irin na Agadas ne, da zubin kaki ake yin sa. Baba kan murza kakin zuma ya fitar da siffar abin, ya lulluɓe da yumɓu, ya bar 'yar ƙofa. In ya gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, sai ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. Bayan ta huce dole a fasa yumɓun kafin a ciro abin, shi ya sa ba za ki taɓa samun biyu iri ɗaya sak ba. Daga nan sai gogewa da magagari, sai zane da ɗan ƙarfe mai tsini, layi bayan layi. Ki kai shi hasken rana ki duba: in layukan ba su daidaita tsaf ba, wani ya ɗan fi wani zurfi, to hannu ne ya yi, ba inji ba. Da wannan dabarar ta zubi aka yi kayan tagullar Igbo-Ukwu ta jihar Anambra, da na Benin waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Na Bida daban ne, su faranti da butoci bugu ake yi da guduma har ado ya taso.

Sulallan kuma na Maria Theresa ne, sarauniyar Ostiriya. A 1780 ta rasu, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar har bayan ƙarni biyu, don haka lambar ba ta nuna ainihin shekarunsa. Nauyinsa wajen giram 28, azurfarsa kashi 833 cikin dubu. Fatake ne suka riƙa shigo da su ƙasar Hausa, maƙera na narkar da su suna yin mundaye da zobba. Ba mamaki mundayen Hajiya daga irinsa aka ƙera su. Abin da ke ci min rai, na ga kayan da Baba ya yi sati yana zanawa an jefa su tukunyar narki cikin minti biyar, kuma masu iya wannan aikin ƙarewa suke yi.

Malama, Unguwar Rimi

Ki ɗauke su hoto gaba da baya, ki rubuta nauyin kowanne da sunan mai shi da garin da ta taso. In kin samu sarari ki leƙa gidan tarihi na titin Ali Akilu a Kaduna ki kwatanta da tsofaffin kayan da ke can. Kuma kada ki bar wa kowa su kwana a hannunsa da sunan zai gwada.

Jikar Hajiya, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa Mama duka. Da na zo wajen zanen hannu sai ta karɓi munduwa ɗaya ta fita tsakar gida tana juya ta a rana, ta ce tun tana yarinya take ganin zanen nan amma ba ta taɓa lura layukan sun sha bamban ba. Ta ce sarƙar da 'yan kunnen za a gwada a sayar, mundaye da abin wuya da sulalla suna nan. Yaya ɗan maƙera, ɗaya munduwar ta ɗan tsage ta ciki. In an liƙe ta da wuta, zanen zai lalace?