Neman shawara: ina son karatun koya wa kwamfuta Hausa, amma ban iya Python ba

Wata 'yar'uwa daga Garwa ta rubuto:

Assalamu alaikum. Bara na gama lisans a ilimin harsuna a Jami'ar Ngaundare. Rannan gwaggona ta turo mini saƙo, "sannou da aïki, mouna lafia", yadda muke rubuta Hausa a nan da harufan Faransanci. Na saka shi a wata manhajar fassara don in gani, sai ta kasa gane Hausa ce ma. Tun daga nan abin ya tsaya mini a rai. Ina son in yi mastar a fannin sarrafa harshe da kwamfuta, wanda ake kira TAL da Faransanci. Sai dai ban iya Python ba, wato harshen da ake rubuta manhajojin kwamfuta da shi, lissafi kuma tun bakaloriya muka rabu. Baba kuwa so yake in rubuta jarrabawar shiga makarantar malamai ta Marwa. Don Allah a ba ni shawara.

Wani malami daga Marwa ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Python ba ita ce babbar matsalarki ba, in kika dage da awa ɗaya kullum za ta zauna. Lissafin ne yake son haƙuri, musamman na matris (lambobin da aka jera layi-layi a jadawali) da na yiwuwar aukuwar abu, don a kansu aka gina injinan sarrafa harshe.

Amma ki dubi saƙon gwaggonki da kyau, domin bincikenki yana cikinsa. Inji yana koyon harshe ne daga rubutun da aka ba shi. Tarin rubutun horar da inji mai suna MasakhaNER na 2021 ya ɗauko Hausarsa daga labaran Muryar Amurka, NaijaSenti na 2022 kuma daga saƙonnin 'yan Najeriya a Twitter. Namu salon rubutun da ke sa "ou" a wurin "u", ya bar ƙugiyar ɗ da ƙ, ya jefa kalmar Fulatanci a tsakiyar jimla, sai wanda ya tashi a cikinsa zai iya tattara shi daidai. Injiniya zai iya horar da inji, amma ba zai san "tchi" shi ne "ci" ba sai an gaya masa.

Ki fara tara gajerun saƙonni, da izinin masu su, ki goge sunaye da lambobi, ki rubuta kowanne da daidaitacciyar Hausa a gefensa. Ranar da za ki nemi malamin da zai duba aikinki, wannan za ki nuna masa. Ki kuma shiga ƙungiyoyin Masakhane da HausaNLP, na masu bincike kan koya wa kwamfuta harsunan Afirka, ba a biyan ko sisi.

Wani ɗan'uwa daga Njamena ya ƙara:

Ki riƙe Turanci da gaske, kusan duk takardun fannin da shi ake rubuta su. AMMI, makarantar mastar ta fannin koyar da inji da aka buɗe a Kigali a 2018, tana ɗaukar nauyin ɗalibai, amma lissafi suke dubawa sosai. Ni a ganina INALCO, makarantar koyar da harsuna ta Faris, ta fi dacewa da ke: suna koyar da Hausa, suna da mastar ta TAL, kuma da Faransanci ake karatun.

Wata Hajiya daga Garwa ta ce:

'Yata, kar ki yi wa Baba gardama. Ki rubuta jarrabawar, ki ci gaba da naki da daddare. Ki zaunar da shi ki nuna masa saƙon da abin da injin ya yi da shi, zai fi fahimta fiye da dogon bayani.

Mai tambaya ta dawo:

Allah ya saka da alheri. Hajiya, na nuna wa Baba jiya, har ya miƙo mini wayarsa ya ce in kwashi nasa saƙonnin. Malam, in na ci karo da kalmar Fulatanci a jimla, in bar ta yadda take ko in sa mata alama?