Neman kalma: me za mu ce wa "polycrisis" da Hausa?

Masu fassara, 'yan jarida, malaman Hausa, ku matso kusa. Akwai wata kalmar Turanci da ke yawan faɗowa a labaran tattalin arziki tun 2022, ita ce polycrisis. Abin da na fi gani ana sa mata shi ne "tarin matsaloli" ko "ƙalubale iri-iri". Ni dai ban gamsu ba, kuma ina da wadda nake so in gabatar. Amma bari mu fara jin abin da masu kalmar suke nufi da ita.

Poly ɗin nan ita ce dai ta politeknik, daga Girkanci, ma'anarta da yawa. Crisis kuwa ita ce muke juyawa yau mu ce rikici, gobe matsala, jibi mawuyacin hali, gwargwadon inda ta faɗo. Masanin nan Bafaranshe, Edgar Morin, shi aka fi danganta haɗin kalmomin biyu da shi, tun a shekarun 1990. Ta yi kwance ba a cika jin ta ba, sai a 2016 Jean-Claude Juncker, yana shugaban Hukumar Tarayyar Turai a lokacin, ya ɗauko ta don ya bayyana halin da Turai ke ciki: ga bashin Girka, ga kwararar 'yan gudun hijira ta 2015, ga hare-haren Paris da Brussels, ga batun ficewar Birtaniya. Wanda ya sa ta a bakin kowa shi ne Adam Tooze, malamin tarihi a Jami'ar Columbia ta Amurka, a rubuce-rubucensa na 2022. Zuwa Janairun 2023 ta shiga rahoton haɗurran duniya da masu taron tattalin arzikin duniya na Davos ke fitarwa kowace shekara.

Abin da suke nufi ya wuce yawa. Masifun ne daban-daban, kowace da tushenta, amma sai su riƙa cusa wa juna ƙarfi, har ɓarnar da suka yi a haɗe ta zarce abin da za ka samu in ka lissafa ɓarnar kowace ita kaɗai ka tara. A nan "tarin matsaloli" ya gaza. Tari jibgewa ce kawai, wannan a kan wancan, ka ɗauke na sama sai tarin ya ragu. Abin da kalmar nan ke faɗa shi ne, in ka taɓa ɗaya sauran za su motsa.

Ku dubi Siri Lanka, don ban san misalin da ya fi shi fitowa fili ba. Ƙasa ce ta mutum wajen miliyan 22, dalarta tana shigowa ne daga baƙi masu yawon buɗe ido, da ganyen shayi, da tufafin da take ɗinkawa, da kuɗin da 'yan ƙasar ke aikowa daga waje. A Afrilun 2019 aka kai hare-haren bam coci-coci da otal-otal ranar Ista, mutum sama da 250 suka mutu, baƙi suka ja baya. A ƙarshen shekarar sabuwar gwamnatin Gotabaya Rajapaksa ta zaftare haraji, harajin kayan masarufi ya sauko daga kashi 15 zuwa kashi 8 cikin ɗari. Kafin a farfaɗo sai ga korona a 2020, ƙofar baƙi ta rufe gaba ɗaya. Dala ta yi ƙaranci, ga bashin waje yana jiran biya. A Afrilun 2021 gwamnati ta hana shigo da takin zamani. Ta ce don lafiyar jama'a da ta ƙasar noma ne, amma masu sharhi da yawa sun ce tsimin dala na cikin dalilan. Sai amfanin gona ya faɗi. Shinkafar da ƙasar ke nomawa ta ci, dole aka koma sayo ta da dalar da ake tsimi, shayin da ke kawo dalar shi ma ya ragu. Ana cikin haka Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairun 2022, man fetur da alkama da taki suka yi tashin gwauron zabo. A Maris wutar lantarki ta kai ana ɗauke ta awa 13 a yini, an ɗage wa ɗalibai jarrabawa saboda babu takardar buga tambayoyi. A Mayu ƙasar ta kasa biyan bashinta na waje, karo na farko a tarihinta. A Yuli jama'a suka cika fadar shugaban ƙasa, shi kuma ya tsere.

Ku lura da maganar takin nan. Yunƙurin fita ne ya ƙara ɗaure su. Duk kalmar da za mu zaɓa, ina so wannan ya fito a cikinta.

Kafin in faɗi tawa, bari in share wasu da ke kusa, don masu Turanci suna da hanyoyi da yawa na cewa abubuwa sun yi wa mutum yawa, kuma ba duka ke buƙatar sabuwar kalma ba. In sun ce when it rains it pours, mu tuni muna da "ana kukan targaɗe sai ga karaya". In mutum ya ce yana fama on all fronts, wato gida ba lafiya, wurin aiki ba daɗi, ga kuɗin haya ga kuɗin makaranta, Bahaushe cewa yake abubuwa sun haɗe masa goma da ashirin. Wannan ta ishe mu a kan mutum ɗaya, ba sai an ƙara mata komai ba. Perfect storm kuma, wato abubuwa marasa daɗi su haɗu a lokaci guda, don Allah kada in ƙara ganin "cikakkiyar guguwa". Babu mai sauraron rediyo a ƙauye da zai ji wannan bai ɗauka rufin gidaje aka yaye ba.

Sai uwa uba challenges. Wannan ce ta cika rahotannin ƙungiyoyin agaji da jawaban 'yan siyasa, kuma mu muka bi ta da "ƙalubale" ido rufe. Su kansu masu Turancin sun san kalmar kwantar da hankali ce, ana ɗauko ta ne in ba a so a ce problem kai tsaye. Ƙalubale a wurinmu kira ne zuwa fage, akwai wanda ya ƙalubalance ka, akwai damar ka yi nasara a tafa maka. Uwar da ta kwana da yara ba abinci ba ƙalubale take fuskanta ba, yunwa ce. Wannan dai ƙorafi ne na wata rana.

Tawa ita ce: sarƙaƙiyar masifu.

Wanda ya taɓa kiwo ko neman itace a daji ya san sarƙaƙiya. Ba ta tsayawa da ƙafarta kamar bagaruwa, bin wasu itatuwa take yi, rassanta su shiga juna har ba ka gane wane reshe ne na wane tushe. Ƙayarta ƙanana ce, a lanƙwashe. Ta kama maka hannun riga, ka juya don ka cire, ta cafke hula. Ka sunkuya ɗaukar hula, ta riƙe bayan riga. Mai gaggawa shi ya fi fita da yagaggen kaya. Kuma Hausa ta riga ta fitar da kalmar daga daji, muna cewa shari'ar nan akwai sarƙaƙiya, maganar gadon nan ta zama sarƙaƙiya. Saboda haka mai sauraro ba zai buƙaci a yi masa darasi ba.

Na zaɓi masifu a kan matsaloli ne saboda nauyi. Famfo ya lalace matsala ce, layin waya ya ƙi shiga matsala ce. Abin da ya kori shugaban ƙasa daga fadarsa ya wuce nan. Rikice-rikice kuwa zai sa a ɗauka faɗa kawai ake nufi, alhali fari da annoba da tsadar kaya duk suna ciki.

Bayan na fitar da wannan shawara, na ga amsoshinku, na gode. Bari in bi waɗanda suka fi tsaya mini.

Malam, ka kawo "sarƙar masifu". Kusa take, tushensu ma ɗaya. Amma sarƙa jeri ce, wannan zobe ya riƙe wancan, tana da farko tana da ƙarshe. Za ta dace da labarin da wannan ya haifi wancan, wancan ya haifi na gaba. A abin da muke magana a kai, na ƙarshe yana dawowa ya ƙara wa na farko wuta: ƙarancin dala ya jawo ƙarancin shayi, ƙarancin shayi ya koma ya ƙara ƙarancin dala.

Hajiya, "taron dangi" da kika kawo ta fi kowace ba ni wahala, don har na yi tunanin janye tawa. "Masifu sun yi wa ƙasar taron dangi." Wallahi ta zauna daram, kuma tana da daɗi a baki. Inda na tsaya shi ne, taron dangi yana nuna wanda aka tarar wa a tsakiya, hannunsa bai taɓa komai ba, duka ne kawai ke sauka a kansa ta ko'ina. Bai nuna yadda motsinsa ke ƙara jefa shi ciki ba. Sai na ga ai ita ce amsar perfect storm da muka rasa ɗazu, wato abubuwa marasa daɗi su haɗu a lokaci guda su rufar wa abu ɗaya. In kin yarda mu ajiye ta can. Kin ga an jefi tsuntsu biyu ke nan.

Ɗan'uwanmu na Damagaram ya ce su can sun fi jin Faransanci crise multidimensionnelle a bakin jami'ai in ana maganar Sahel, kuma "matsaloli kala-kala" yake ji ana cewa. Yallaɓai, kala-kala ta faɗi bambancinsu, ba ta faɗi haɗuwarsu ba. Gwada sarƙaƙiya a can ka ji ko za ta shiga kunne.

"Cakwakiya" da "rikita-rikita" na bar su, don akwai ɗan wasa a cikinsu, sun fi dacewa da rigimar jam'iyya ko ta shugabancin kasuwa. "Ƙaƙa-ni-ka-yi" halin wanda ke ciki take faɗa, ba siffar abin ba. "Gamayyar masifu" da "haɗakar masifu" kuwa sai ka ji kamar sun yi taro sun zaɓi shugaba da ma'aji.

Wani malaminmu, Allah ya ƙara masa lafiya, ya yi tambayar da ta fi zaɓen kalma: shin abin ma sabo ne? Ranka ya daɗe, ba kai kaɗai ke faɗar haka ba, a cikin masu Turancin ma akwai masu sukar kalmar. Suna cewa duniya ta sha ganin irin wannan, ko a shekarun 1970 an haɗa tashin farashin mai na 1973 da tsadar abinci da farin Sahel. Wasu kuma suna cewa kalma ce mai daɗi ga masu mulki, don in an ce komai ya harɗe da komai, sai a rasa wanda za a tuhuma. Wannan sukar ina tare da ita. Korona ba Rajapaksa ya kawo ta ba, amma zaftare haraji da hana taki sa hannu aka yi, kuma an san mai hannun. Sai dai aikin mai fassara shi ne ya kawo abin da aka faɗa da nauyinsa. In mai jawabi ya ɓuya a bayan kalmar, mai sharhi ya zaƙulo shi.

Wata ƙanwata ta tambaya ko za a iya amfani da ita a kan halin da aka shiga a nan gida Najeriya. Me zai hana, in abin ya cika sharaɗin? A 2023 an cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayu, a Yuni aka sakar wa kasuwa farashin naira, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar aka rufe iyaka, ga 'yan bindiga sun hana manoma da yawa zuwa gona a Zamfara da Katsina da Sakkwato. Kuɗin mota ya shiga farashin masara, rashin noma ya ƙara masa, faɗuwar naira ta shiga kuɗin taki. Wannan sarƙaƙiya ce. Amma in unguwarku ba ruwa, ba wuta, kwata ta toshe, kuma babu wanda ya jawo wani, to tarin matsaloli ne, a bar shi a haka. Kada mu mayar da ita gishirin kowane labari yadda aka yi wa ƙalubale.

Ga yadda take zama a kanun labari: "Siri Lanka ta faɗa sarƙaƙiyar masifu." "Masana sun yi gargaɗi kan sarƙaƙiyar masifu a duniya." A cikin labarin, in an ambace ta sau ɗaya, sai a ci gaba da "sarƙaƙiyar" kawai. In ana son aikatau, "masifu sun sarƙe". Jam'i ba a cika buƙatarsa ba, don ita kanta taro ce.

Saura ƙanwarta, permacrisis, wadda ƙamus ɗin Collins na Birtaniya ya zaɓa a matsayin kalmar shekarar 2022. Ita tsawon lokaci take nufi, a fita wannan a faɗa waccan ba hutu. "Ana wata ga wata" ce ta fara zo mini, kuma ma'anar ta yi, sai dai ba ta karɓar "ta faɗa cikin" ko "ta fita daga", don haka za ta ba mai rubuta kanu wahala. Wani ya ce "zaunanniyar masifa". Mai wadda ta fi wannan ya kawo.