Allurar Ƙara Fararen Ƙwayoyin Jini Lokacin Kemo: Abin Da Aka Tsayar

Maganin kemo na cutar daji yana raunana ɓargo, sai fararen ƙwayoyin jini su ragu, galibi kwana 7 zuwa 14 bayan an sa shi. Masana sun yarda cewa ba kowa ke buƙatar allurar ƙara ƙwayoyin ba, sai wanda haɗarin zazzaɓinsa saboda raguwar ƙwayoyin ya kai kashi 20 cikin ɗari, ko ya kusa haka kuma ya haura shekara 65.

Allurar iri biyu ce, filgrastim da pegfilgrastim. Filgrastim kullum ake yinta a ƙarƙashin fata, maikrogiram 5 ga kowane kilo na nauyin jiki. Pegfilgrastim kuwa miligiram 6, sau ɗaya a kowane zagayen kemo. Kada a yi kafin awa 24 da gama kemo, domin maganin zai kashe ƙwayoyin da allurar ta taso. A ajiye a firji, ban da daskarewa ko girgizawa.

Ciwon ƙashi abu ne sananne. Amma ciwon gefen hagu na ciki ko kafaɗar hagu na iya zama matsalar saifa, a garzaya asibiti. Mai sikila lallai ya sanar da likita, don allurar kan tayar masa da ciwon sosai.

Idan zazzaɓi ya kai digiri 38, ko an yi allura, kada a ce maleriya ce a zauna gida.