Muhawara: a bar wa sikirif aikin daidaita ma'ajiyoyin Git?

Injiniya daga Wuse: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne duk mai kula da ma'ajiyoyin Git (manhajar adana tarihin sauye-sauyen fayiloli) da yawa ya rubuta ɗan sikirif na Bash (jerin umarnin da kwamfuta ke bi da kanta) wanda zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana yin git pull, ya ɗora shi a kan cron, manhajar da ke gudanar da umarni a lokutan da aka tsara, ya riƙa gudana duk awa, shi kuma ya huta.

Malama daga Gwarinpa: Wa alaikumus salam. Injiniya, ban goyi bayanka ba. Ai git pull aiki biyu ne a haɗe: da farko yana ɗauko sauye-sauye daga sabar, sannan ya cusa su cikin reshen (wato layin aikin) da mutum yake kai. Na farkon ba ya taɓa fayilolinka, amma na biyun yana iya tsayawa a tsakiya idan gyaranka ya ci karo da na abokin aikinka, ka wayi gari ka tarar da alamomin saɓani a cikin fayil alhali ba ka san lokacin da aka yi ba. Ga kuma ɗauke wuta da muke fama da ita a Abuja, domin idan kwamfuta ta mutu ana cikin haɗewa, fayil ɗin index.lock, wanda Git ke amfani da shi a matsayin makulli yayin aiki, yakan maƙale, Git ya ƙi yin commit (adana gyara) sai an goge shi da hannu. A bar wa sikirif git fetch kawai, wato aikin farko na ɗauko sauye-sauye.

Injiniya daga Wuse: Malama, maganin wannan shi ne git pull --ff-only, wanda ke janyewa da kansa idan rassan biyu sun rabu. Kafin nan kuma sikirif ya duba git status --porcelain, in ya ga aikin da ba a kammala ba ya tsallake ma'ajiyar.

Malama daga Gwarinpa: To, ka ga yanzu ba ɗan sikirif ba ne kuma. Sai ka ƙara flock, umarnin kulle fayil, don kada zagaye biyu su hau kan juna idan intanet ya yi nauyi, ka kuma yi amfani da git -C, wanda ke nuna wa Git folda kai tsaye, maimakon cd, umarnin shiga folda, saboda idan cd ya gaza, sauran umarnin za su gudana a wurin da ba a nufa ba.

Ɗalibi daga Gwagwalada: Iyayena, a gafarce ni. Ni ina so in riƙa kwafe aikina daga GitHub zuwa GitLab (shafukan intanet biyu da ake ajiye ayyukan Git), shin git push --mirror ya wadatar?

Injiniya daga Wuse: Ƙanina, a nan kam ni da Malama bakinmu ɗaya. Wannan umarni yana tilasta wa ɗaya ɓangaren ya zama daidai da naka, har ya share duk reshen da babu shi a wajenka. Kada kowa ya riƙa tura aiki kai tsaye zuwa GitLab ɗin, kuma ka fara da git clone --mirror, wanda zai kwafo maka dukkan rassan da ke GitHub.

Malama daga Gwarinpa: Haka ne. Amma Injiniya, har yanzu ba ka faɗa mana wanda zai karanta saƙon kuskure ba idan --ff-only ya janye da ƙarfe uku na dare.